Yadda Ake Zaɓar Saksofon Bariton: Matsakaici ko na Ƙwararru

Saksofon ƙahon busa ne na ƙarfe, bariton kuwa shi ne babba a cikin saksofon huɗu da aka fi amfani da su, wato sofrano da alto da tenor da shi kansa, kuma shi ne mai kaurin murya a cikinsu. Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, shi ya ƙirƙiro dangin saksofon, ya yi musu rajista a Paris a shekarar 1846. Da haruffa ake kiran sautukan kiɗa, kuma an gina bariton a kan sautin E♭ kamar alto, sai dai muryarsa tana ƙasa da ta alto da oktab guda cur, wato tazarar sautuka takwas, shi ya sa bututunsa ya yi tsawon da sai da aka naɗe shi a kusa da wuya kafin mutum ya iya rungumarsa. Wanda ya taɓa sauraron kiɗan Fela Kuti ya san wannan murya, domin ita ce Lekan Animashaun ya shafe shekaru yana busawa a ƙungiyar Fela, har ya zama shugaban makaɗanta a lokacin da ake kiranta Egypt 80.

A Katsina da Daura ba kasafai ake ganin wannan ƙaho ba, in ba a hannun 'yan badujala ba, ko makarantu masu ƙungiyar fareti, ko coci-coci, ko ɗaiɗaikun mabusa da suka riƙi abin sana'a. Ba kaya ba ne da za ka shiga kasuwa ka tarar an jera maka guda biyar ka zaɓa, kuma kuɗinsa ya kai a ce yawancin masu saye sau ɗaya za su saya a rayuwarsu. Saboda haka tsarin da za a bi ya bambanta da na mutumin da ke zaune kusa da babban kantin kayan kiɗa a Landan ko Tokyo.

Mataki na farko: wa zai busa, kuma a ina?

Kafin a yi maganar kamfani ko farashi, a zauna a amsa wannan tambaya tsakani da Allah. Idan makaranta ce ko ƙungiyar badujala za ta saya, to ƙahon zai riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, bana yana wuyan wannan ɗalibi, baɗi yana wuyan wani, ana fita da shi filin fareti rana tana dukansa, ƙura tana shigarsa, wani lokaci ma a jingine shi da bango ya zame ya faɗi. Wannan aiki na ƙaho matsakaici ne, wato mai matsakaiciyar daraja, kuma ban ga hujjar da za ta sa hukumar makaranta ta ɗauki kuɗin na ƙwararru ta zuba a nan ba, domin babu kunnen da zai tsinci bambancin a tsakiyar ganguna da begila.

Idan kuwa mutum ɗaya ne zai mallaka, wanda ya daɗe yana busa alto ko tenor, yana shiga situdiyo, ana ɗora masa makirufo a bakin ƙaho, ana barinsa ya yi busa shi kaɗai a tsakiyar kiɗa, to nan ne maganar na ƙwararru take da ma'ana. Wanda har yanzu bai iya fitar da sautukan ƙasa a hankali ba tare da sun fashe ba, ya sani cewa tsadar ƙaho ba za ta koya masa wannan ba.

Mataki na biyu: nemi mai gyara kafin ka nemi ƙaho

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma a ganina ya fi duk sauran nauyi ga mutumin da ke zaune a wannan yanki. Saksofon yana da ramuka fiye da 20, kowanne da murfinsa, kowane murfi da fata a cikinsa wadda dole ta zauna daram a bakin rami. Murafan ƙasa na bariton manya ne, sandunan da ke motsa su dogaye ne, don haka ɗan bugu kaɗan ya isa ya karkatar da su. Da zarar iska ta sami hanyar tsira, ko da kaurin gashi ne, sautukan ƙasa za su fara gardama, kuma a wannan hali ƙahon da aka saya da tsada ba ya fin mai araha da komai.

Ka tambayi shugabannin badujala inda suke kai nasu kayan. Mai yiwuwa su nuna maka Kano, wadda take kimanin kilomita 170 daga Katsina, ko Kaduna, ko Jos, ko Abuja, ko ma Legas. Idan ka sami mai gyaran, kada ka tsaya a gaisuwa, ka tambaye shi kai tsaye: "Malam, in na kawo maka bariton na kamfani kaza fatunsa sun mutu ko sanda ta karye, kana da abin canji a hannu, ko sai an yi oda daga waje?" Amsar da zai ba ka za ta rage maka jerin kamfanonin da kake tunani. Kayan gyaran Yamaha, alal misali, sun fi na yawancin kamfanoni sauƙin samu a duniya, alhali ƙahon da ba a san masana'antarsa ba yana iya kwanciya wata da watanni saboda ɗan kusa guda.

A kiyaye kai shi wurin mai walda ko mai gyaran rediyo, komai ƙwarewarsu a sana'arsu. Da dalma ake liƙa sassan jikin saksofon, da wuta mai sauƙi, kuma wutar walda tana iya narkar da liƙin da ke maƙwabtaka. Fatun ma da wani irin ƙaro ake zaunar da su, wanda yake yin laushi in an ɗumama murfin domin a daidaita zaman fatar. Wanda ya ɗiga musu sufa gulu ya rufe ƙofar wannan daidaitawa.

Mataki na uku: san abin da ya raba su da gaske

Kowane kamfani da yadda yake yi wa kayansa laƙabi, don haka rubutun da ke jikin kwali ba hujja ba ne. A wurin Yamaha ta Japan lamba ce ke nuna daraja: YBS-32 da YBS-52 da YBS-480 matsakaita ne, YBS-62 da YBS-82 kuwa na ƙwararru ne. Yanagisawa, ita ma ta Japan, ba ta ƙera na 'yan koyo, saboda haka B-WO1 da ke ƙasan jerinta ya riga ya shiga sahun na ƙwararru, B-WO10 kuma yana samansa. Selmer ta Paris tana da Series II da Series III, Keilwerth ta Jamus tana da SX90R, sannan kamfanonin Taiwan irin su Jupiter da P. Mauriat sun cika tsakiyar kasuwa, wasu ƙahoninsu ma suna goga kafaɗa da manya. Ban da waɗannan akwai ɗimbin ƙahonin Sin masu sunaye barkatai, da yawansu an buga musu tambarin ƙwararru alhali ba su kama ƙafar matsakaicin Yamaha ba.

Abin da ake biya a na ƙwararru kashi biyu ne. Kashi na farko ado ne: zanen hannu a jikin babban bakin ƙaho, maɓallai na ɓawon katantanwar teku maimakon roba, ruwan azurfa ko na zinariya. Masana sun daɗe suna gardama a kan ko shafen jikin ƙaho yana canza sauti, ni dai ina tare da masu cewa in ma yana canzawa, to bai kai a biya masa kuɗi ba. Doki ba a sayensa don kwalliyar sirdi.

Kashi na biyu shi ne mai amfani. Akwai yadda aka kafa 'yan ginshiƙan da ke riƙe sanduna: a wasu ƙahonin kowane ginshiƙi an liƙa shi kai tsaye a jikin bututu, a wasu kuwa an jera su a kan dogayen fale-falen ƙarfe sannan aka liƙa falen a jiki. Tsari na biyu ya fi nauyi, amma ya fi riƙe saiti in ƙahon ya sha wahala. Akwai hannu biyu da ake yi wa manyan murafan ƙasa a wasu samfura domin kada su karkace. Akwai ingancin sifirin, da yadda sanda take zama a cikin bututunta ba tare da girgiza ba, da shimfiɗar bakin ramuka, da lokacin da gwani ya ɓata yana daidaita ƙahon da hannu kafin ya bar masana'anta. Sakamakon duk wannan shi ne maɓallai masu sauri da rashin ƙara, da sautuka masu kama da juna daga ƙasa har sama, da ƙahon da yake amsa busa mai laushi kamar yadda yake amsa mai ƙarfi. Amma gaskiyar magana ita ce matsakaicin babban kamfani ya riga ya ba da mafi yawan wannan, abin da na ƙwararru yake ƙarawa ɗan rata ne da sai gogaggen hannu yake jin sa.

Mataki na huɗu: A ta ƙasa ko B♭

Tsofaffin bariton suna tsayawa ne a B♭ ta ƙasa kamar sauran saksofon. Yawancin na zamani an ƙara musu tsawon baki da maɓalli guda da ake dannawa da babban yatsan hagu, wanda ke ba da A ta ƙasa, ita ce ke fitowa a matsayin C mafi ƙasa a babban gogen Turawa da ake kira cello. Idan za ka riƙa karanta rubutaccen kiɗa na zamani tare da ƙungiya, ka nemi mai A, domin marubuta suna sa ta. Mai B♭ ya fi sauƙin ɗauka a fareti, kuma akwai mabusa da suka fi son buɗaɗɗiyar muryarsa. Wannan bai shafi daraja ba, ana samun A a matsakaita da na ƙwararru duka.

Mataki na biyar: lissafin kuɗi

Da dala ake yi wa wannan kaya farashi, ko da a Legas ka same shi. Sabon bariton na Selmer ta Paris ya haura dala 10,000, kuma ratar da ke tsakanin matsakaici da na ƙwararru a kamfani ɗaya ta isa a sayi alto mai kyau. A kan wannan sai ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan in daga waje za a kawo, da kuɗin motarka zuwa inda za ka gwada.

Kada kuɗin ya ƙare a kan ƙahon kansa. Ka ware na bakin busa, wato ɗan abin da ake sawa a baki, domin shi da harshen gora da ake ɗaura masa sun fi jikin ƙahon tasiri a kan muryar da za ta fito. A bakin busa, Yamaha 5C ya wadatar da mai farawa, Selmer S80 ya dace da kiɗan da ake son taushi, Otto Link da Berg Larsen kuwa an san su a hannun masu jaz. Harsunan gora na Vandoren ko Rico, masu ƙarfin lamba 2.5 ko 3, su ne mafari mai kyau, sai dai suna bushewa su lanƙwashe a hunturu, shi ya sa yana da kyau a ajiye na roba irin na Légère ko da guda ɗaya. Ka ware kuma na ɗamarar kafaɗa, domin bariton ya haura kilo 5, kuma rataye shi a wuya da igiya ɗaya na tsawon fareti ciwon baya ne ake tarawa. Sai abin jingine shi, da akwati mai taya, da kuɗin zuwan farko wurin mai gyara. Matsakaicin da aka haɗa masa waɗannan ya fi na ƙwararrun da aka sayo aka rasa na saitinsa.

Mataki na shida: gwaji

Gani ya kori ji, don haka kada ka biya kuɗi a kan hoto ko bidiyon WhatsApp. Ka tafi da bakin busarka da harsunan da ka saba da su, da ɗamararka, da waya mai manhajar auna sauti, da ƙaramar tocila, da siririyar takarda, da kuma wani mabushi da ka yarda da kunnensa. Idan da hali a ajiye maka matsakaici da na ƙwararru gefe da gefe, domin kwatanci a zama ɗaya ne kaɗai abin dogaro.

Ka fara da ido da hannu kafin baki. Sabon ƙaho yakan zo da 'yan ɓawon itace da aka cusa domin riƙe murafai a hanya, sai an cire su duka. Ka kama kowace sanda ka girgiza ta a hankali ka ji ko tana wasa. Ka sa wuyan a mazauninsa, ya kamata ya shiga da ɗan matsi tun kafin a ɗaure kusa. Daga nan ka nemi ɗaki mai duhu, ka zura tocilar cikin bututun, ka rufe murafai ɗaya bayan ɗaya da irin taɓin da kake yi lokacin busa, ba da matsewa ba. Inda fata ba ta zauna ba za ka ga siririn haske ya ɓullo a gefen murfin. Inda tocila ba ta kai ba, ka sa takardar a ƙarƙashin murfi, ka rufe, ka ja ta a kusurwa huɗu. In ta riƙe a gaba ta zame a baya, to fatar a karkace take.

Sai busa. Ka ɗumama ƙahon na 'yan mintoci tukuna, domin sanyi yana saukar da sauti, zafi yana ɗaga shi, abin da duk mabushin da ya yi fareti da sassafen hunturu ya kuma yi da azahar a watan Afrilu ya sani. Ka saita manhajar a kan 440, wato ma'aunin sautin da kayan kiɗan yau suke bi, ka daidaita zaman bakin busa a wuya, sannan ka sauka daga tsakiya zuwa ƙasa da murya mafi laushi da za ka iya. C da B da B♭ da A na ƙasa su ne alƙalai: in sun fito ba tare da ka yi musu dole ba, ƙahon a rufe yake. Ka busa kowane sauti da ɗan'uwansa na oktab ɗin sama ba tare da kallon waya ba, abokinka ya riƙa duba allon yana rubutawa, domin in kana kallo bakinka zai gyara kuskuren ba ka sani ba. A kusan kowane saksofon D ta tsakiya takan ɗan hau, C♯ ta tsakiya takan ɗan sauka, wannan ba aibi ba ne, abin dubawa shi ne girman ratar da kuma ko ana iya gyara ta da leɓe ba tare da wahala ba. Ka gwada G♯ da C♯ ta ƙasa sau da yawa, su ne masu yawan mannewa. Ka lura da ƙaramin yatsan hagu, ko yana kai wa maɓallansa ba tare da miƙewa ba, domin mai ƙaramin hannu yana iya jin daɗin matsakaici fiye da wani na ƙwararru.

A ƙarshen gwajin abokinka ya koma nesa ya juya baya, ka busa layi ɗaya a ƙahonin biyu ba tare da ka faɗa masa wanne ne wanne ba. Idan shi bai rarrabe ba, kai ma ba ka ji wani sauƙi na a zo a gani a yatsunka da numfashinka ba, to ka sami amsarka, ka ɗauki matsakaici. Idan kuwa ka ji na ƙwararrun yana ba ka abin da ka daɗe kana nema, kuma sana'ar za ta mayar da kuɗin, to ratar ta cancanci biya.

Mataki na bakwai: na hannu da jabu

Akwai hanya ta uku, wato tsohon na ƙwararru a farashin sabon matsakaici. YBS-62 ko Yanagisawa B-901 ko B-991 da aka riƙe da kyau ciniki ne mai kyau, in mai gyara ya duba ya amince. Sai dai a sa a rai cewa canza fatu gaba ɗaya a bariton aiki ne mai tsada, a cire kuɗinsa daga farashi tun wurin ciniki. Ka leƙa tsawon bututun ka ga ko ya lanƙwashe, ka duba naɗin da ke sama da gindin ƙahon, nan ne suka fi shan bugu, ka nemi tabon dalma da ke nuna an taɓa liƙa wani abu. Ka shinshina akwatin, in yana warin fumfuna to fatun sun sha laima.

Da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsofaffin ƙahonin kamfanin Conn na Amurka, irin waɗanda Harry Carney na ƙungiyar Duke Ellington da Gerry Mulligan suka busa, har yau ana nemansu saboda muryarsu. Duk da haka ba na ba mazaunin Katsina shawarar ya fara da su, domin tsarin maɓallansu na da ne, kayan gyaransu kuma sai an tona. Wasu tsofaffin ƙahoni ma an ƙera su a kan ma'aunin sauti mai tsayi, akan ga harafin H a kusa da lambarsu, kuma ba za su taɓa daidaita da kayan kiɗan yau ba. Mai harafin L shi ne daidai.

Jabun Yamaha da Selmer da Yanagisawa suna yawo a intanet. Sabon ƙaho mai babban suna a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, jabu ne ko na sata. Ka ɗauki hoton lambar da aka buga a bayan bututun da na tambarin, ka aika wa dillalin da kamfanin ya amince da shi. Ka kuma sani cewa sunan Selmer kamfani biyu ne ke amfani da shi, akwai Henri Selmer Paris mai ƙera na ƙwararru a Faransa, akwai kuma Selmer ta Amurka wadda ta yi suna da kayan 'yan makaranta irin su Bundy, kuma farashinsu ba ya kusa da juna.

Mataki na takwas: kawo shi gida

A rubuta lambar ƙahon a jikin rasit, in na makaranta ne ko na ƙungiya a shigar da ita littafin kaya. A hanya kada ka yarda a jefa akwatin a but a ɗora masa buhuna, gara ka biya masa kujera. Ka cusa tsumma mai laushi a inda ƙahon yake motsi a cikin akwati, domin yawancin lanƙwasar bariton a cikin akwatinsa take faruwa. Kada a bar shi a motar da ke rufe a rana, zafin bazara yana iya sassauta ƙaron da ke riƙe fatu.

Ƙahon da ya zauna a laimar Legas ko ta ƙasashen waje zai ji bushewar Katsina, fatu da ɓawon itacen da ke wuya za su ɗan tsuke, musamman in ya iso a hunturu. Ka riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a naɗin sama ta ɗan maɓallin da aka yi don haka, ka goge ciki da tsumma bayan kowace busa, ka shafa wa ɓawon wuya mansa, ka rufe akwati saboda ƙura. Bayan wata ɗaya ko biyu ka sake yin gwajin tocila, kuma ko ba ka ga haske ba ka kai shi wurin mai gyaran ya sake daidaita murafan ƙasa da kusoshin saiti, tunda a lokacin fatun sun gama zama a sabon yanayinsu.